Bayani: Yadda manhajojin yanayi na duniya ke juya akalar hasashen damina a Kudancin Kaduna

Galibin taswirorin da ake zanawa don nuna yadda zafi da ruwan sama za su kasance a Najeriya nan da shekara 30 ko 50, aikin manhajojin kwamfuta ne iri biyu, ɗaya na bin bayan ɗaya. Ta farko tana kwaikwayon yanayin duniya baki ɗaya. Ta biyu kuma tana karɓar abin da ta farkon ta fitar, ta tace shi zuwa matakin yanki guda, kamar nahiyar Afirka ko Afirka ta Yamma. Taswirar manhaja ta biyun ce ta fi kaiwa teburin jami'an gwamnati, injiniyoyi da malaman gona, domin ta fi fito da tsaunuka da kwaruruka da garuruwa.

Sai dai duk kyan taswirar, akwai abin da ta gada daga manhajar duniyar da ta ciyar da ita, kuma cikin gadon har da kurakurai. Kafanchan da sauran garuruwan Kudancin Kaduna misali ne mai kyau na wannan al'amari, saboda yanki ne da tsauni ke sarrafa ruwansa, kuma arzikinsa, musamman noman citta, ya rataya a wuyan damina.

Mece ce manhajar kwaikwayon yanayi?

Tarin lissafin kimiyya ne da aka rubuta wa kwamfuta, wanda ke bin dokokin da iska da ruwa da zafi suke tafiya a kansu. Ana raba doron ƙasa gida-gida kamar gidajen dara, sannan a raba sararin da ke saman kowane gida hawa-hawa, haka nan zurfin teku. A kowane gida kwamfuta na riƙe da lambobin zafi, laima, matsin iska, saurinta da inda ta dosa. Daga nan sai ta lissafa abin da zai shiga gidan da abin da zai fita cikin 'yan mintuna, ta matsa gaba, ta sake lissafi, har ta cika shekara ɗari ko fiye.

Tunanin ya daɗe. A shekarar 1922 wani masani ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya wallafa hanyar hasashen yanayi da lissafi tun kafin a ƙera kwamfuta. A 1956 Norman Phillips ya gudanar da kwaikwayon zagayawar iskar duniya na farko a kwamfuta a Amurka. A 1969 Syukuro Manabe da Kirk Bryan suka haɗa lissafin iska da na teku a manhaja guda a cibiyar GFDL da ke Princeton. Manabe na cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2021. A yau cibiyoyi da dama a Amurka, Birtaniya, Jamus, Faransa, Japan, Sin da wasu ƙasashe suna da nasu manhajojin, kuma tun 1995 suke kwatanta sakamakonsu a ƙarƙashin shirin CMIP. Da sakamakon zagaye na shida na wannan shiri ne kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, IPCC, ya yi aiki a rahotonsa na 2021.

Wannan aiki ya bambanta da hasashen damina na shekara-shekara da Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara. Hasashen NiMet na duba watanni kaɗan masu zuwa: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, ina za a samu tsaikonsa. Manhajojin da ake magana a nan kuwa ba sa faɗin abin da zai faru a wata rana ko wata shekara takamaimai. Abin da suke nunawa shi ne yadda halin yanayin wuri zai karkata idan aka ɗauki shekara 20 ko 30 aka duba su jimla.

Dalilin da ya sa manhajar duniya ba ta ganin Kagoro

Faɗin gida ɗaya a yawancin manhajojin duniya yana tsakanin kilomita 100 zuwa 250. Jihar Kaduna na da faɗin murabba'in kilomita kusan 46,000. Gida mai kilomita 200 a kowane gefe murabba'in kilomita 40,000 ne, wato ya kusa haɗiye jihar gaba ɗaya. A idon irin wannan manhaja, tsayin ƙasa a cikin gida lamba ɗaya ce tak, zafi lamba ɗaya, ruwan sama ma lamba ɗaya.

Wanda ya san yankin ya san ba haka abin yake ba. Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jama'a, wadda ta zama mahaɗar layin dogo tun 1927, tana bisa tsayin mita 700 da 'yan kai daga matakin teku. Tsaunukan Kagoro da ke maƙwabtaka da ita sun haura mita 1,200, kuma daga nan ƙasa ke ci gaba da hawa zuwa tudun Filato, inda birnin Jos yake. Tun da iska na yin sanyi da kimanin digiri 6 da rabi a duk hawan kilomita ɗaya, bambancin tsayi kaɗai ya isa ya sa Jos ta fi Kafanchan sanyi da kusan digiri 3.

Batun ruwa ya fi haka ma. Iskar damina na tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Idan ta ci karo da gangaren Filato sai ta hau, ta yi sanyi, ta zama gajimare, ta zubar da ruwa a gefen da ta fara tararwa. Shi ya sa ƙasar Kagoro, Kafanchan da Gidan Waya ke samun ruwan da kan kai milimita 1,500 ko fiye a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, alhali Zariya da ke arewacin jihar na samun kimanin milimita 1,000. Bugu da ƙari, tudun Filato na daga cikin wuraren da manyan hadura ke haɗuwa a Afirka ta Yamma, su doshi yamma cikin jeri da iska mai ƙarfi a gabansu. Manhajar da ta baje tsaunin ya zama fili ba za ta kama wannan ba yadda ya kamata.

Ƙanƙanta gidajen a duk faɗin duniya kuwa abu ne mai tsada. Idan aka raba faɗin gida biyu, yawan gidaje na ninkawa sau huɗu, kuma dole a rage tazarar lokacin da ke tsakanin lissafi da lissafi, don haka aikin kwamfuta na ninkawa kusan sau takwas.

Asalin manhajojin yanki

Mafitar da masana suka samo ita ce a yanko yanki guda, a yi masa ƙananan gidaje, a bar manhajar duniya ta riƙa sanar da shi abin da ke faruwa a wajen iyakarsa. Robert Dickinson da Filippo Giorgi ne suka jagoranci wannan dabara a cibiyar NCAR da ke jihar Colorado ta Amurka, a tsakanin 1989 da 1990. Daga baya Giorgi ya koma cibiyar Abdus Salam ta nazarin fiziks da ke birnin Trieste na Italiya, inda ake ci gaba da raya manhajar RegCM, wadda masana da dama daga Najeriya da maƙwabtanta suka samu horo a kanta. Sauran sanannun manhajojin yanki sun haɗa da RCA4 ta Suwidin, REMO da CCLM na Jamus, da PRECIS ta Birtaniya.

A 2009 aka kafa shirin CORDEX don a daidaita wannan aiki a duniya, kuma Afirka ce nahiyar da aka fara ba fifiko. A zagayen farko faɗin gida kusan kilomita 50 ne, wanda ke raba jihar Kaduna zuwa gidaje kusan 18. A zagayen da ya biyo baya aka sauko zuwa kilomita 25, gidajen jihar suka haura 70. A wannan mataki tudun Filato ya fara fitowa da siffarsa, ana iya bambanta kudancin jihar da arewacinta.

Abin da manhajar yanki ke gada

Dangantakar manhajojin biyu kamar ta uwa da 'ya ce, kuma a mafi yawan gwaje-gwaje saƙo hanya ɗaya yake bi: uwa na ba 'ya, 'ya ba ta mayar wa uwa komai. Gadon na shigowa ta kofofi huɗu.

Kofa ta farko ita ce kan iyaka. Duk bayan awa shida, ana ɗora wa manhajar yanki bayanan iska, zafi, laima da matsin iska daga manhajar duniya, a wani ziri da ya kewaye yankin. A cikin zirin ana tilasta wa lissafin 'yar ya kusanci na uwar, daga nan zuwa ciki sai a sakar mata mara. Idan uwar ta shigo da iska mai laimar da ta wuce kima ta kan iyaka, 'yar ba ta da hanyar sanin cewa kuskure ne. Girman yankin ma na da tasiri. Iyakar da aka shata wa Afirka a shirin CORDEX ta ƙunshi nahiyar duka, don haka Kafanchan na nesa da kan iyaka da dubban kilomita, kuma 'yar na da sarari ta yi nata lissafi kafin iskar ta iso. Idan aka matse iyakar a kan Najeriya kaɗai, uwar ta fi riƙe linzami.

Kofa ta biyu ita ce zafin saman teku, kuma ita ce ta fi shafar Afirka ta Yamma. Yawancin manhajojin yanki ba su da nasu lissafin teku. Duk inda teku ya faɗo cikin iyakarsu, daga uwar suke kwafo zafinsa kai tsaye. Wannan gado ba a kan iyaka yake tsayawa ba, yana nan a Mashigin Tekun Gini, kimanin kilomita 600 kudu da Kafanchan, daidai inda iskar damina ke ɗebo laimarta.

Kofa ta uku ita ce yawan ɗumamar da uwar ke hasashe. Manhajojin duniya sun bambanta kan yadda duniya za ta yi zafi idan iskar kabon da ke sararin sama ta ninka abin da take kafin zamanin masana'antu. Rahoton IPCC na 2021 ya ce abin da ya fi yiwuwa shi ne tsakanin digiri 2.5 zuwa 4 a ma'aunin Salshiyos, mafi kusa digiri 3, amma wasu manhajojin zagaye na shida sun haura digiri 5. Manhajar yankin da aka ɗora a kan uwa mai saurin zafi za ta nuna wa Kudancin Kaduna zafi mai yawa, wadda aka ɗora a kan uwa mai sanyin hali kuma ta nuna kaɗan. Saboda haka ne a zagayen kilomita 25 aka zaɓi uwaye uku da gangan: HadGEM2 ta Birtaniya mai saurin ɗumama, MPI ta Jamus matsakaiciya, da NorESM ta Norway mai ƙarancin ɗumama.

Kofa ta huɗu ita ce zaton da aka gina lissafin a kai game da halin ɗan Adam: shin duniya za ta rage ƙona gawayin kwal da man fetur da gas cikin sauri, ko za ta ci gaba da ƙarawa? Ba kwamfutar da ta san amsar, don haka ake ba ta hanyoyi daban-daban ta lissafa kowace. Lambobin da ake gani a gefen taswirori, irin su 2.6 da 4.5 da 8.5, sunayen waɗannan hanyoyi ne, daga mafi ƙarancin hayaƙi zuwa mafi yawa. Har zuwa wajen 2040 tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa, amma a ƙarshen ƙarni tana da girma ƙwarai.

Tekun Atlantika da damina

Don a gane nauyin kofa ta biyu, sai a dubi yadda damina ke hawowa arewa. Daga watan Mayu zuwa Yuni, ruwa mai sanyi na tasowa daga ƙarƙashin Atlantika a kusa da layin da ya raba duniya biyu, ya sanyaya saman tekun. A daidai lokacin hamadar Sahara na ƙuna. Wannan bambanci na sanyin teku da zafin hamada shi ke ƙara wa iskar damina ƙarfi ta kutsa cikin ƙasa. A wajen ƙarshen Yuni, zirin da ruwa ya fi yawa a cikinsa kan yi tsalle daga bakin teku, kusan digiri 5 arewa da layin, zuwa kusan digiri 10. Kafanchan na kan digiri 9 da rabi, wato a bakin inda zirin ke sauka, kuma daga Yuli zuwa Satumba ne ruwanta ya fi ƙarfi.

Sanannen rauni ne a manhajojin duniya da yawa cewa ba sa sanyaya wannan sashe na Atlantika yadda yake a zahiri. Idan tekun ya yi ɗumi fiye da kima a lissafi, zirin ruwan kan maƙale a kudu, bakin teku ya samu ruwan da ya yi yawa, cikin ƙasa ya samu wanda bai kai ba. Manhajar yankin da ta kwafi wannan teku na iya zana tsaunukan Kagoro daidai, amma ta kai musu damina a makare ko a raunane. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Tarihin fari ya tabbatar da ƙarfin teku a kan ruwan yankin. Bayan farin 1972 zuwa 1973, masani Jule Charney ya kawo ra'ayi a 1975 cewa ƙarewar tsirrai a Sahel na iya rage ruwan sama, aka daɗe ana ɗora laifi a kan kiwo da saran itace. Amma binciken Chris Folland da abokan aikinsa a Birtaniya a 1986, da na Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003, sun nuna cewa sauyin zafin tekunan duniya ne babban musabbabin farin shekarun 1970 da 1980, halin ƙasa kuma ya ƙara masa tsanani. Ma'ana, abin da ke juya daminar arewacin Najeriya na farawa ne a wurare masu nisa, waɗanda manhajar duniya kaɗai ke iya lissafa su.

Uwayen kansu kuma ba bakinsu ɗaya ba. A tsakiyar shekarun 2000, manhajar cibiyar GFDL ta yi hasashen bushewa mai tsanani a Sahel kafin ƙarshen ƙarni na 21, yayin da manhajar MIROC ta Japan ta yi hasashen ƙaruwar ruwa sosai a wuri guda. Wanda ya gina taswirar yanki a kan ɗaya daga cikinsu kaɗai, ya zaɓi amsarsa tun kafin ya fara.

Inda manhajar yanki ke da ta cewa

Duk da haka 'yar ba inuwar uwarta ba ce. A batun zafi takan bi sawunta kusan sau da ƙafa, amma a batun ruwan Afirka ta Yamma tana da nata tasiri mai ƙarfi, kuma dalilin na cikin yadda hadari ke haɗuwa.

Gajimaren da ke zama hadari faɗinsa kilomita kaɗan ne, bai kai girman gida mai kilomita 50 ko 25 ba. Kwamfuta ba ta ganinsa, sai dai a ba ta wata ƙa'ida ta ƙiyasi: idan zafi da laima suka kai kaza, a ɗauka ruwa kaza ya zuba. Kowace cibiya da irin tata ƙa'idar. Haka ma batun yadda ƙasa ke riƙe danshi ta mayar da shi sama ta ganyen tsirrai, da yadda ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ke tare hasken rana. Sakamakon haka, ana iya ɗora manhajojin yanki biyu a kan uwa ɗaya, wannan ta ce ruwa zai ƙaru, waccan ta ce zai ragu. An kuma samu inda 'yar ta saɓa wa uwarta gaba ɗaya. Wani nazari da Alessandro Dosio na cibiyar binciken Tarayyar Turai da ke Italiya ya jagoranta a 2020 ya nuna manhajojin CORDEX sun rabu gida biyu kan makomar ruwan Afirka ta Yamma, masu hasashen bushewa da masu hasashen ƙarin ruwa. A nan sai a ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Masana na rarrabe laifin uwa da na 'ya ta hanyoyi biyu. Ta farko, su ciyar da manhajar yanki da kundin yanayin shekarun baya, wanda cibiyar hasashen yanayi ta Turai ke haɗawa daga ma'aunan tashoshi da tauraron ɗan Adam. Tun da bayanan kan iyaka sun kusa zama na gaskiya, kuskuren da ya fito na 'yar ne. Idan aka sake gwajin da uwa ta lissafi, abin da ya ƙaru daga uwar yake. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2012, wanda ya kwatanta manhajojin yanki goma a kan Afirka, ya gano cewa matsakaicin sakamakonsu duka ya fi na kowace ɗaya kusantar gaskiya, kuma galibinsu na zubar da ruwa tun rana na tsaka, alhali a zahiri hadarin yankin ya fi sauka da yamma ko cikin dare. Hanya ta biyu ita ce a gauraya: 'ya ɗaya a kan uwaye da yawa, uwa ɗaya a ƙarƙashin 'ya'ya da yawa. Manhajar RCA4 kaɗai an gwada ta a kan uwaye kusan goma a Afirka.

Sabon salo shi ne ƙanƙanta gidajen har kwamfuta ta iya haɗa hadari da kanta ba tare da ƙa'idar ƙiyasi ba. Hukumar yanayi ta Birtaniya ta yi haka ga Afirka duka da gidaje masu kilomita 4 da rabi, wanda ke ba jihar Kaduna gidaje fiye da 2,000. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna mamakon ruwa zai fi tsananta, tsaikon ruwa a tsakiyar damina kuma zai fi tsawo, fiye da yadda manhaja mai manyan gidaje ta nuna. Amma saboda tsadar aikin, shekara goma kaɗai aka kwaikwaya na yanzu da goma na ƙarshen ƙarni, kuma uwa ɗaya ce ta ciyar da shi.

Abin da aka yi ittifaƙi a kai

Akwai abubuwan da kusan duk manhajojin suka haɗu a kansu. Zafi zai ci gaba da ƙaruwa a Afirka ta Yamma, dare da rana, kuma kwanakin tsananin zafi za su yawaita. Ruwa mai sauka kamar da bakin ƙwarya cikin ɗan lokaci zai ƙaru, tare da ambaliyar da ke biyo shi, domin iska na ƙara ɗaukar laima da kusan kashi 7 cikin ɗari a duk ƙarin digiri ɗaya na zafi. Wani bincike na 2017 da Christopher Taylor ya jagoranta ya gano, daga hotunan tauraron ɗan Adam, cewa mafi tsananin hadura a Sahel sun ninka sau uku tun 1982.

Game da jimlar ruwan shekara, rahoton IPCC na 2021 ya yi hasashen ƙaruwarsa a tsakiyar Sahel da raguwarsa a can yammacinsa, wajen Senegal, tare da jinkirin saukar damina da jinkirin ɗaukewarta. Kudancin Kaduna na kudu da Sahel, tsakaninsa da dazuzzukan bakin teku, a sashen da manhajoji suka fi saɓa wa juna kan ko jimlar ruwan za ta hau ko za ta sauka.

Ma'anar wannan ga Kudancin Kaduna

Kachia, Jaba, Kagarko, Jama'a da Zangon Kataf su ne cibiyar noman citta a Najeriya. Ana shuka ta a farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, a tone ta bayan ɗaukewar ruwa, a yanka a shanya a ranar hunturu. Tana son danshi, amma ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta. Jinkirin saukar ruwa na taɓa lokacin shuka, jinkirin ɗaukewarsa na taɓa shanya, yawan danshi kuma na ba cututtukan ruɓewa dama. Annobar da ta cinye gonakin citta a 2023 ta nuna yadda shekara ɗaya mara kyau ke girgiza gidaje da kasuwannin yankin. Ga manomin citta da na masara, acca, doya da shinkafa, yadda ruwan ya rarrabu a cikin watanni ya fi jimlarsa muhimmanci, kuma nan ne ƙa'idojin ƙiyasi na manhajojin suka fi rauni.

Ruwan yankin kuma ba na mutanensa kaɗai ba ne. Kogin Kaduna na tasowa daga Filato, ya ratsa jihar, ya kai madatsar Shiroro mai samar da megawat 600 na lantarki a jihar Neja. Madatsar Gurara da ke kudancin jihar na tura ruwa ta bututu zuwa madatsar Usuma da birnin Abuja ke sha daga gare ta. Gada, kwalbati da magudanar ruwa da aka gina yau za su yi aiki shekara 40 ko 50. Injiniyan da ya auna girman kwalbati da alƙaluman ruwan shekarun baya kaɗai, ko da taswirar manhaja ɗaya, na iya gina abin da mamakon gobe zai fi ƙarfinsa.

Najeriya na da cibiyoyin da ke wannan fage. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure na horar da masu digirin digirgir kan tsarin yanayin Afirka ta Yamma a ƙarƙashin shirin WASCAL da Jamus ke tallafawa, takwararta ta Minna ma na cikin shirin. Jami'ar Ahmadu Bello na da Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, Jami'ar Jihar Kaduna kuma na da reshe a Kafanchan. A Yamai ta Jamhuriyar Nijar akwai cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD masu hidima ga yankin da nahiyar. Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 ta kafa majalisar ƙasa da ke tsara manufofi a kan batun.

Tambayoyin da ya kamata a yi wa kowace taswira

Duk wanda aka miƙa wa hasashen yanayin yankinsa na dogon zango, jami'i ne ko ɗan jarida ko shugaban ƙungiyar manoma, yana da haƙƙin ya tambaya: wace manhajar duniya ce ta ciyar da wannan taswira, kuma guda nawa aka yi amfani da su? Wace hanyar hayaƙi aka zata, kuma waɗanne shekaru ake magana a kai? An gwada manhajar a kan ruwan shekarun baya na wannan wuri, kuma yaya ta yi? Nawa daga cikin manhajojin suka yarda da juna kan ƙaruwa ko raguwa? Taswirar intanet da IPCC ta buɗe kyauta a 2021 na nuna sakamakon CMIP da na CORDEX gefe da gefe, tana kuma yi wa wuraren da manhajoji suka saɓa alama.

Inda manhajoji suka haɗu, kamar zafi da mamakon ruwa, ana iya gina shiri a kai kai tsaye: faɗaɗa magudanai, ɗaga kunya a gonar citta, dasa itatuwan inuwa. Inda suka rabu, shirin da ya fi dacewa shi ne wanda zai yi amfani ko ruwa ya ƙaru ko ya ragu, kamar adana ruwan damina don noman rani da riƙe iri masu saurin nuna tare da masu jinkiri.

Gwajin kowace manhaja kuwa na buƙatar ma'auni na ƙasa. Afirka na daga cikin nahiyoyin da suka fi ƙarancin tashoshin auna yanayi, kuma a wuri mai tsaunuka ruwan da aka auna a gari ɗaya ba ya wakiltar na garin da ke bayan dutse. Ma'aunin ruwan sama mai sauƙin kuɗi a makarantu da ofisoshin gona na Kagoro, Kwoi, Zonkwa da Kachia, wanda ake karantawa kowace safiya a rubuta shekara da shekaru, shi ne zai ba masana damar tantance wace uwa da wace 'ya ce ta fi sanin daminar Kudancin Kaduna.